Mabuɗin Fim ɗin Hausa: Tarihinsa da Abin da Ya Bar wa Ɗalibi Mai Koyon Shirya Fim

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe suna ba mabuɗi muhimmanci a nazarin waƙa, ta baka da rubutacciya, har ya zama da wuya ɗalibi ya feɗe waƙa bai tsaya ya dubi yadda mawaƙi ya buɗe ta da yadda ya rufe ba. Amma da aka zo kan fim, sai nazari ya karkata ga jigo da tasirin finafinan Indiya da taƙaddamar waƙa da rawa, aka bar mabuɗi kamar wani abu marar tarihi. Alhali kuwa ɗaya daga cikin ayyukan farko da akan ɗora wa mai koyon shirya fim shi ne ya tsara mabuɗin wani ɗan gajeren fim, ya ɗauka, ya haɗa, ya kawo a duba.

Abin da ake nufi da mabuɗi a nan shi ne duk abin da mai kallo ya gani ko ya ji tun daga haskawar allo har labari ya kama hanya, wato sunan fim, da sunayen waɗanda suka yi aikinsa, da kiɗa, da hoton farko, da furucin farko. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan ɓangare tun kafin zuwan majigi har zuwa zamanin kallo a waya. Ra'ayin da aka gina ta a kai shi ne, Bahaushe da kunne yake shiga labari kafin ido, don haka tarihin mabuɗin fim ɗinsa tarihi ne na wanda aka ba damar fara magana, da kuma harshen da ya yi maganar da shi.

2.0 Mabuɗi Kafin Zuwan Majigi

Tatsuniya ba ta farawa sai da izini. Mai yin ta yakan ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sa'an nan ya dakata har masu saurare su amsa da "Ta zo mu ji ta." Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, aikatau ɗin da aka zaɓa shi ne ji. Na biyu, mabuɗin na mutum biyu ne: idan yara suka yi shiru, tsohuwa ba ta da hanyar wucewa gaba. Haka abin yake a sauran fagage, ko da yake wanda ake neman izininsa yakan bambanta. Marubucin waƙa na ƙarni na 19 yakan fara da sunan Allah da yabonsa da salati ga Manzo kafin ya furta jigo. Makaɗin fada yakan bar ganga ta yi take, sanƙira ya yi kirari, jama'a su san wanda za a wasa tun bakin makaɗi bai buɗe ba. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan ba, domin 'yan wasan Alarinjo na ƙasar Yarabawa sukan fara da ìjúbà, wato gaisuwar ban girma ga magabata da masu gari, kuma Hubert Ogunde ya ɗauki al'adar buɗe fage da waƙa ya shigar da ita wasan dandamali na zamani.

Da rubutun zube na boko ya zo, marubutan farko sun fuskanci wata matsala: takarda ba ta da murya, kuma mai karatu ba ya amsawa. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin R. M. East, littattafai biyar suka fito, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Uku na farko duk dabara guda suka yi amfani da ita. Sun zaunar da mai ba da labari a gaban masu saurare a cikin littafin, sa'an nan suka bar shi ya yi magana da bakinsa. Alhaji Imam yana ba da nasa a gaban taro, Ganɗoki yana ba yara, Shaihu Umar yana ba almajiransa. Bayan 'yan shekaru Abubakar Imam ya sake yin haka a Magana Jari Ce, inda aku ya zama bakin da labarai ke fitowa. Wato dai marubutan sun gina wa mai karatu zaure a cikin shafi, suka shimfiɗa masa tabarma, don ya ji kamar ana faɗa masa ne. Wannan dabara za ta sake ɓullowa bayan shekara arba'in, a lokacin da aka mayar da ɗaya daga cikin littattafan nan fim.

3.0 Majigi da Tafinta

An fara nuna fim a Nijeriya a Legas cikin watan Agusta na 1903, a zauren tunawa da Glover, shekara takwas bayan nunin da 'yan'uwan nan biyu, Lumière, suka yi a Faris. Amma hoto mai motsi bai isa ga talakan Arewa ta wannan hanya ba. Ya isa gare shi ne a bayan mota. Sunan da Hausawa suka ba shi, majigi, ya samo asali daga sunan Ingilishi na wata fitila mai haska hotuna a bango, kuma akwai waɗanda suka kira shi dodon bango saboda tsoro da ƙyama.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan siffar finafinan majigi shi ne William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Nijeriya, ya kuma fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba a Legas. Shi aka ba shugabancin Sashen Finafinan Ƙasashen Mulkin Mallaka da aka kafa a Landan a 1939. Sellers ya yi imani cewa mutumin Afirka da bai yi boko ba ba zai iya bin hoto mai sauri ba. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idoji: a tsawaita kowane hoto fiye da yadda aka saba, a ajiye kyamara daidai tsayin idon mutum, a guji jujjuya ta, a nuna aiki tun daga farkonsa har ƙarshe ba tare da tsallake ba. Raini ne ya haifi waɗannan ƙa'idoji, kuma 'yan kallon da aka raina ɗin nan su ne suka cika gidajen silima na birane suna bin finafinan kaboyi ba tare da wani ya riƙe musu hannu ba. Duk da haka, ƙa'idojin sun zama darasi. A 1948 sashen ya buɗe makarantar horarwa a Akara, ya ɗauki ɗalibai daga Nijeriya da ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma daga cikinsu aka sami ma'aikatan farko na sashen finafinai na Nijeriya. Ke nan, 'yan ƙasar nan na farko da suka zauna a aji don koyon shirya ɗan gajeren fim, salon Sellers aka koya musu.

To, yaya fim ɗin majigi yake buɗewa? Amsar ita ce, kafin a kunna na'ura an riga an buɗe shi. Mota takan iso gari da rana, ma'aikata su je su yi gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, a yi shela, a kafa farin ƙyalle a fili. Da magariba ta wuce sai a saki kiɗa ta lasifika don jama'a su taru. Yawancin finafinan ba su da magana a jikinsu. Ana aiko su ne tare da bayani a rubuce da Ingilishi, tafinta ya riƙe makirufo ya juya shi zuwa harshen garin. Don haka muryar farko da Bahaushe ya ji tare da hoto mai motsi muryar ma'aikacin hukuma ce, kuma Hausar da ya ji fassara ce. Ya kamata a yi wa tafintocin nan adalci, domin gwanaye daga cikinsu sukan yi ƙari da ragi, su sa karin magana da barkwanci, har wani lokaci daɗin kallo ya dogara ga wanda ke riƙe da makirufo. Sai dai wani abu ya ɓace. Babu wurin "Ta zo mu ji ta." An tara mutane ne da izinin sarauta, a koya musu tsafta ko noman auduga, kamar yadda fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950 ya yi. An rufe sashen na Landan a 1955, amma majigi bai mutu ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da amfani da shi, har da nuna rangadin Sardauna a ƙauyuka.

A birane kuwa wata makaranta ce daban. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, Palace kuma a 1951, kuma tun daga shekarun 1950 finafinan Indiya suka fara mamaye allo. A nan ba tafinta, kuma masu kallo ba sa jin Indiyanci, don haka kiɗa da fuska suka zama jagora. Fim ɗin Mother India na 1957, wanda ya shafe shekaru ana maimaita shi a gidajen silima na Arewa, yana buɗewa da wata tsohuwa da aka gayyato ta buɗe sabuwar hanyar ruwan noma a ƙauyensu, daga nan tunaninta ya koma ranar aurenta. Wanda ya saba da tsohon da ke zaune yana waiwayen rayuwarsa ba zai ga baƙon abu a nan ba. (Abin sha'awa, tafinta ya dawo ta wata ƙofa a shekarun 2010, lokacin da fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta zama kasuwa mai zaman kanta.)

4.0 Shaihu Umar, 1976

Adamu Halilu, wanda ya yi aiki a sashen finafinan gwamnatin Arewa, ya kuma shirya gajerun finafinan wayar da kai irin su Mama Learns a Lesson na 1963, shi ne ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. Kafin nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da shi wasan kwaikwayo, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu. Fim ɗin ya haura sa'o'i biyu, kuma da Hausa aka yi shi.

Muhimmancinsa ga wannan nazari yana cikin mintocinsa na farko. Halilu yana da zaɓi. Labarin cike yake da abubuwan da ke jan ido: harin neman bayi, da korar Makau daga gari bisa sharrin maƙiya, da satar yaro, da ayarin raƙuma a hamada. Kowanne daga cikinsu zai iya zama hoton farko. Amma sai ya riƙe tsarin littafin, ya buɗe da malami a zaune tare da almajiransa, suna tattaunawa, har aka tambaye shi asalinsa, sa'an nan ya fara ba da labari. Tambayar almajiri ita ce "Ta zo mu ji ta" ta wannan fim. Da ita aka karɓe makirufo daga hannun tafinta aka miƙa wa mutumin da ke cikin labarin, kuma aka ba mai kallo gurbi a cikin da'irar almajirai. Wanda ya san cewa Halilu a gidan majigi ya koyi sana'a zai fi ganin nauyin wannan zaɓi.

Akwai amfani a kwatanta shi da Borom Sarret, ɗan gajeren fim na kimanin minti 20 da Usman Sembene na Senegal ya shirya a 1963, jim kaɗan bayan ya dawo daga koyon aikin fim a Mosko. Yana buɗewa da kiran salla, da mai amalanke yana ibada kafin ya fita nema a Dakar. Cikin ɗan lokaci an san gari, an san lokaci, an san matsayin mutumin. Sai dai tunanin mai amalanken, wanda ake ji a bayan hoto, da Faransanci yake fitowa, harshen da irinsa ba ya tunani da shi. Sembene bai sami damar yin fim da Wolof ba sai a Mandabi, a 1968. Wannan yana nuna cewa hoton farko yana iya zama na gida, muryar farko kuma ta zama ta aro.

An daɗe ana zaton Shaihu Umar ya salwanta. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ma'anar wannan ita ce, shekarun da sana'ar fim ɗin Hausa ta tashi ta bunƙasa a Kano, yawancin masu yin ta ba su taɓa ganin wannan mabuɗi ba.

5.0 Daga Take Zuwa Talla

Abin da suka gani, suka kuma ji, shi ne rediyo da talabijin. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, gidan talabijin na Jihar Kano, CTV, ya biyo baya a farkon shekarun 1980. A wasannin waɗannan gidaje, take ne mabuɗi. Kiɗa guda ne ake maimaitawa kowane mako, da an ji shi yara su sheƙo daga waje. Sunayen shirye-shiryen ma sukan yi rabin aikin, domin da yawansu karin magana ne ko kirari, kamar Zaman Duniya Iyawa Ne da Kuliya Manta Sabo. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya ƙara wani abu da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye: da Samanja ya buɗe baki da Hausarsa ta bariki, mai gauraye da Ingilishin soja, an san ko wane ne shi, an san inda ake, ba a bukatar wani bayani.

Fim ɗin bidiyo na kasuwa ya fara a Kano da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Kafin ƙarshen wannan goma sana'ar ta cika ta batse, har mujallar Tauraruwa ta laƙaba mata suna Kannywood a 1999. A wannan zamani ne mabuɗi ya yi kauri. Wanda ya sa kaset, ko faifai daga baya, sai ya bi ta kan takardar shaidar hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, sa'an nan tambarin kamfani, sa'an nan tallan finafinai masu zuwa, wanda kan ɗauki mintoci masu yawa, sa'an nan ambaton sunan Allah, sa'an nan dogon jerin sunaye bisa kiɗan fiyano. Daga 2001 Jihar Kano ta kafa tata hukumar tacewa, masu izini suka zama biyu. Idan aka duba da kyau, duk tsofaffin masu magana suna nan a jere, hukuma da malami da makaɗi, sai dai an sami sabo wanda ya fi su murya, wato ɗan kasuwar Ƙofar Wambai. Shi talla take yi wa aiki, kuma tun daga Sangaya aka gane cewa waƙar da aka sa a talla tana iya sayar da fim kafin kowa ya san labarinsa.

Wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne harshen rubutun. Fim ne na Hausa tun daga farko har ƙarshe, amma muƙaman ma'aikata galibi da Ingilishi ake rubuta su, duk da cewa kalmomi irin su mai ba da umarni da mai ɗaukar hoto da tsara labari suna bakin masu sana'ar. Kunne na Hausa, ido na Ingilishi.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So da suka yi tashe daga 2020, sun sake juya lamarin. Mai kallo a waya yana iya tsallake duk abin da ya gundure shi da ɗan yatsa. Izinin da tsohuwa take nema wurin yara ya koma hannun mai kallo, sai dai wannan karon ba ya amsawa da baki. Ko ya tsaya, ko ya wuce.

6.0 Ƙofa, Sallama da Minti Biyu

Makarantun da ke koyar da wannan sana'a a Nijeriya ba baƙi ba ne. An kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 1979, ta kuma buɗe cibiyar koyar da aikin fim a Jos a 1995, garin da kwalejin talabijin ta NTA take. Ga kuma sassan koyar da aikin jarida da na wasan kwaikwayo a jami'o'i. Harshen koyarwa a dukkansu Ingilishi ne, kuma littattafan da ake karantawa yawancinsu daga Ingila da Amurka suke.

Misali mafi fitowa fili na darasin mabuɗi shi ne wanda hukumar jarrabawa ta OCR a Ingila ta sa a manhajarta ta nazarin kafofin watsa labarai daga 2008, ga 'yan manyan azuzuwan sakandare. An bukaci ɗalibai su shirya sunaye da mabuɗin wani sabon fim, kada ya wuce minti biyu. Kafin wannan akwai ɗan gwaji na share fage: mutum ya buɗe ƙofa, ya ratsa ɗaki, ya zauna a kujera yana fuskantar wani, su yi musayar jimla biyu ko uku. Manufar gwajin ita ce a koyi haɗa hotuna ba tare da tsinkewa ba, wato hannun da ya kama ƙofa a hoton waje ya dace da wanda ya tura ta a hoton ciki, kuma kyamara ta tsaya a gefe guda na masu magana don kada mai kallo ya rikice. Darasi ne mai kyau, babu abin kushewa a cikinsa ta fuskar ido.

Amma duk malamin da ya aro shi ya kawo ajin da za a yi fim da Hausa zai tarar ƙofar ba ta buɗuwa haka nan. Bahaushe ba ya tura ƙofar wani ya shiga. Yakan tsaya daga waje ya yi sallama, ya jira amsa, ya tuɓe takalmi, ya dubi wanda ke ciki ya san ko zama zai yi ko durƙusawa. Jimloli biyun da manhaja ta ware za su ƙare tun ba a gama tambayar kwana da gajiya ba. Ɗalibin da agogo ke kora yakan ga gaisuwa ɓata lokaci ce, ya yanke ta, ya sa ɗan wasa ya faɗo ɗaki da maganar da ta kawo shi. Abin da ke fitowa shi ne mutane masu kayan Hausawa da ɗabi'ar wasu.

Gaisuwar da ake yankewa kuwa ita ce ke yin aikin da hoton nesa ke yi a littattafan koyarwa, wato sanar da mai kallo inda yake da waɗanda yake tare da su. A ƙaddara ɗalibi yana son ya buɗe fim a kan ƙane da ya zo wurin wansa kan maganar gonar gado. Allo yana duhu, sai a ji sallama. Shiru. A sake sallama, sa'an nan hoto ya bayyana: takalma a bakin zaure, saurayi a tsaye. Daga ciki a amsa a gajarce, ba a ce ya shigo ba. Ya shiga, ya durƙusa daga nesa, ya ce, "Ina wuni, Yaya?" Wan ya ce, "Lafiya," bai ɗaga kai ba, bai tambayi iyali ba, bai tura masa tabarma ba. Duka wannan bai kai rabin minti ba, ba a ambaci gona ba, amma duk Bahaushen da ke kallo ya san akwai ɓaraka, ya san wane ne babba, ya san ba yau aka fara ba. Yana ƙirga abin da aka tsallake ne. Gaisuwa tana da tsari sananne, shi ya sa giɓi a cikinta yake da ma'ana. Wanda ya yanke ta gaba ɗaya ya zubar da ma'aunin da zai nuna giɓin.

Haka kalmomin kira suke. "Allah gafarta Malam" da "Ranka ya daɗe" da "Allah ya ba ka nasara" kowanne yana zaunar da mai kallo a wani zaure daban. Matar da ta kauce wa sunan mijinta, ko uwar da ta ƙi kiran ɗan farinta da sunansa, ta bayyana dangantaka ba tare da marubuci ya sa wani ya faɗa ba. Karin harshe ma haka: "Mi kaka so?" da "Me kake so?" tambaya guda ce, amma ta farko ta kai mai kallo Sakkwato ba tare da an rubuta sunan gari a ƙasan allo ba. Irin wannan ba ya samuwa ga wanda ya rubuta labarinsa da Ingilishi don malami ya duba, sa'an nan ya juya shi a wurin ɗauka. Ta wannan hanya ce ake samun jimloli irin su "Muna bukatar mu yi magana," inda ƙanen da ke durƙushe zai ce, "Dama wurinka na zo." Wannan tafintan majigi ne ya sake dawowa, sai dai yanzu a cikin kan ɗalibi yake zaune.

Sautin da ba magana ba shi ma yana bukatar tsari tun a takarda, domin ɗalibai sukan zana jerin hotunansu dalla-dalla, su bar sauti sai ranar haɗawa, a lulluɓe komai da kiɗa. Lugude a turmi, da injin niƙa, da karatun almajirai da dare, da ƙarar babura a mararraba, kowanne yana faɗin lokaci da unguwa. Kiran salla kuwa, wanda ya yi wa Sembene aiki a 1963, an yi ta amfani da shi har ya zama abin da hannu ke kaiwa gare shi ba tare da tunani ba. Ga shi kuma yana da ladubbansa, domin masu kallo ba za su ji daɗin a datse shi a tsakiya ko a ɗora masa kiɗa ba. Minti biyu ba su da yalwar da za a ba shi haƙƙinsa sai in labarin ne ya bukace shi.

Saura sunan fim da yadda ake rubuta shi. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun bar su a matsayinsu. Amma allon fim ya daɗe yana watsi da su. A zamanin kaset ana iya ɗora laifin a kan na'urar rubutu, wadda ba ta da su. Fim ɗin Saddik Ɓalewa na 1991 ya shiga kundayen bukukuwan finafinai na duniya da suna Kasarmu Ce, wanda in aka karanta shi yadda aka rubuta, maganar macijiya ake yi, ba ƙasa ba. Shirin Daɗin Kowa ma da d marar lanƙwasa aka fi saninsa a rubuce. Kwamfutar da ɗalibi ke haɗa fim da ita a yau tana iya fitar da haruffan nan, sai dai ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba, kuma wanda bai gwada ba tun da wuri yakan ga wani ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ ranar da zai miƙa aiki, sai ya goge lanƙwasar don ya huta. Wurin gwada wannan shi ne ranar da aka zaɓi suna, tun ba a ɗauki hoto ko guda ba.